Saƙon Baba na Minti Ashirin

3 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta yi wata guda ba ta sami wanda za ta yi wa tsiwa ba. Da fatan dutsen da kuke fasawa bai fasa ka ba. Mu nan lafiya lau. Makaranta tana nan yadda ka bar ta, yaran ajina sun kai sittin da biyu, ƙafafuna ne kawai ke kuka da yamma.

Mutumin da ke karɓar takardu a ofishin kamfaninku ya ce motar kaya tana hawa wurinku duk bayan kwana goma. Ka ji fa. A ce yayana safiyo ne, mai wayar da ta fi ta kowa tsari, amma sai da biro da ambulan ake samunsa, wai babu sabis a bayan duwatsu. Da na gaya wa Baba sai ya yi dariya har tari ya kama shi.

Maganar tarin ce ma. Muryar nan tasa da ta dishe tun kafin ka tafi ba ta washe ba. Mun je asibiti sau biyu, sun zura masa wani siririn abu mai fitila ta hanci sun duba. Likita ya ce za a yi masa ɗan aiki a maƙogwaro, amma ba su sa rana ba tukuna. Baba ya ce kada in tayar maka da hankali. To ban tayar ba, na dai faɗa. Yana buɗe shago har yanzu, rabin wuni, kekunan ɗinki biyar na jiran ya gyara su a kan benci, ga ƙamshin man keke har cikin falo.

Yanzu bari in kawo ƙara. Wayoyin nan namu da ka kwana biyu kana gyarawa kafin ka tafi, ni fa na rasa gabansu da bayansu. Ka cire duk manhajojin da na saba da su, ka zuba mini baƙin fuskoki. Akwai wata mai hoton kwaɗo da ke tambayata kalmar sirri kamar mai gadin banki. Akwai wata ta taswira da ba ta san kantin da nake sayen takalmi ba. Ta aika saƙon kuwa, mutum huɗu ne kacal a cikinta, kamar gidan da aka yi wa yaji. Ka rubuto mini dalla-dalla, wacce ce ta me, don kada wata rana in gaji in kai wa mai gyaran waya ya wanke su tas.

Abin da zai ba ka mamaki, Baba ne ya fi ni riƙe ta. Ranar Lahadin da ta wuce ya kira ni ya ce in nuna masa yadda ake aika saƙon murya. Na nuna masa. Sai ya ce, "To fita ki ja mini ƙofa." Tun daga ranar, kullum bayan ya sha shayin safe sai ya shiga ɗaki da waya, ka ji shi yana ta magana ƙasa-ƙasa. Ya ce kada in sa baki, tsakaninsa ne da wanda yake yi wa.

Ni dai hankalina ba a kwance yake ba, ban kuma san dalili ba. Ka ci abinci, ka daina tsayawa cikin rana ba hula.

Autarku

14 ga Afrilu

Auta,

Takardarki ta zo tare da buhunan siminti, har da ɗan ƙura a jikinta. Na karanta sau uku a bakin kwantenar da nake kwana. Ina lafiya, na yi baƙi, na rame kaɗan. Aiki yana tafiya, mun kusa gama kafa turakun gindin madatsar ruwan. Ni kaɗai ne safiyo yanzu, abokin aikina ya karye a ƙafa an sauka da shi.

Maganar muryar Baba, ƙurar shago ce da taurin kai. Ki riƙa ba shi zuma da ruwan ɗumi, ki hana shi yi wa teloli ihu. Irin wannan ɗan aikin na maƙogwaro yini ɗaya ake yi a sallami mutum.

Yanzu ki gyara zama, tunda kin tsokano malami.

Duk manhajojin da na sa muku kyauta ne, kuma buɗaɗɗu ne. Ki tambayi Baba abin da ya sa ya tsani sababbin kekunan nan na roba da ake liƙe cikinsu da gam. Zai ce miki abin da ba a buɗe shi ba a yarda da shi. To haka nan. Waɗannan duk wanda ya iya zai buɗe cikinsu ya ga abin da suke yi, mutane dubbai sun duba, babu mai laɓewa a ciki yana kwashe labarinki yana sayar wa masu talla. Kin tuna lokacin da kika nemi maganin ciwon baya sau ɗaya, kika yi wata guda ana bin ki da tallan katifa? Da manhajar binciken da na sa miki wannan ya ƙare.

Mai hoton kwaɗon ita ce na fi so duk cikinsu. Akwati ce ta kalmomin sirri. Kalma ɗaya za ki riƙe a kanki, ita ta riƙe sauran, ki daina rubuta su a bayan rajistar ajinki. Ta taswira kuwa, kada ki raina ta don ba ta san kantin takalmi ba. A nan inda babu ko ɗigon sabis, ita ke nuna mini kowane kwari da kowace hanyar awaki, don taswirar tana zaune a cikin wayar. Mutane ne irina ke zana ta da hannunsu, kyauta. Ni na sa layinmu a ciki, har da famfon bakin titi. In kin ga dama ki sa kantin naki.

Akwai ta rubuta abin tunawa, akwai ta kallon bidiyo da ba ta ƙin kowane irin fayil, akwai ɗan kantin da ake sauko da irinsu. Sai ta saƙo, sarauniyarsu. Abin da kika aika, daga ke sai wanda kika aika wa, ko waɗanda suka ƙera ta ba sa iya ji. Mutum huɗu ne a ciki saboda mutum huɗu ne suka saurare ni. Na san wanda Baba yake yi wa surutun safe, abokinsa ne Tela Babba, don ni na sa masa ita a wayarsa. Ki bar tsofaffi su yi gulmarsu cikin sirri.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada ki taɓa saitin komai, a wayarki ko a ta Baba. Na tsara kowanne da dalili. Kada kuma ki kai wa mai gyara.

Direban motar kaya, wanda muke kira Babu-Birki, yana ta danna mini ham. Ki gaida Baba, ki ce masa ina nan lafiya.

Yayanki

25 ga Afrilu

Yaya,

Lafiya muke, in ana kiran wannan lafiya. Na ga takardarka, shafi biyu na darasi da layi uku na Baba. Na gode, malam. Zuma da ruwan ɗumi.

Laifina ne da na ce ɗan aiki. Baba ne ya sa ni, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yaya, ciwon daji ne. Za su cire wurin da murya ke fita gaba ɗaya. Likita ya ce in Allah ya yarda zai rayu, zai yi numfashi ta wata 'yar ƙofa a wuyansa, amma muryar da ka sani ba za ta dawo ba. Sun sa ranar tara ga Mayu. Yau saura kwana goma sha huɗu. Ina ƙirga su a kalandar kicin, ina ƙirga su a allon aji, jiya har na rubuta wa yara kwanan wata ba daidai ba suka yi ta dariya.

Kuma ba Tela Babba yake yi wa magana ba. Kai yake yi wa. Kai kaɗai. Yau saƙo na ashirin da bakwai ya aika. Na farkon nan da ya kore ni ya ja ƙofa, minti ashirin ya yi, na gani a jikin wayar. Da ya fito idanunsa sun yi ja, ya wuce shago. Ka san Baba. Ka san rabon da ya yi maka maganar minti biyu a jere.

Abin da ke ci mini rai shi ne, ashe kana ji. Kowane saƙo in ya yi mako guda sai mu ga ya ɓace daga wayar. Ranar da na farkon ya ɓace, Baba ya kira ni da sauri, ya nuna mini gurbin, ya ce, "Kin gani, ya ɗauka." Ya yi murna kamar yaro. Tun daga nan kullum sai ya duba, in ɗaya ya tafi ya gyaɗa kai ya ce, "Ya ɗauki na ranar Talata." Ni ma na ce to, wataƙila kana hawa wani tudu kana samun sabis jefi-jefi kana kwasa.

To in kana kwasa, me ya hana ka amsa? Ko kalma ɗaya? Ka ji mahaifinka ya zazzage maka cikinsa na minti ashirin da muryar da ta rage masa, sannan ka zauna ka rubuto mini labarin tallan katifa, ka ƙare da "ki gaida Baba"? Na karanta masa takardar. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Ya ɗauki sukudireba ya ci gaba da kwance keken da ya riga ya gyara.

Ban taɓa zaton zuciyarka ta yi tauri haka ba. In fushi kake yi da shi, ka ajiye har bayan tara ga wata.

Ban taɓa saitin komai ba, kada ka damu.

Auta

8 ga Mayu

Auta,

Ban san ta inda zan fara gaisuwa ba. Yau takardarki ta iso, yau, takwas ga wata. Ruwan sama ya cinye hanya, motar ta yi kwana huɗu a gindin dutse. Gobe ne. Ki yi haƙuri da rubutun.

Wallahi ban ji ko ɗaya ba. Ban hau wani tudu ba, babu sabis a nan ko ɗigo, tun ranar da na zo wayata ba ta karɓi komai ba. Ɓacewar da kuke gani ba ɗauka ba ce. Ni ne. Ni na saita hirata da Baba yadda kowane saƙo zai goge kansa bayan kwana bakwai, ko an ji ko ba a ji ba. Haka nake yi wa kowace hira, hannuna ya saba, ban ko yi tunani ba. Na ce a raina Baba ba zai taɓa aiko mini da komai ba, to me zai ɓata? Sannan na zo na ce miki kada ki taɓa saiti. Garin neman gira na rasa ido.

Ki saurara, akwai sauran dama ɗaya. Saƙon da bai sami wayar mai shi ba yana tsayawa a hanya, a wata ma'ajiya, a kulle, kamar kaya a tasha. Amma ba ya tsayawa har abada. Na manta ko kwana talatin ne ko arba'in da biyar. Tun ɗazu nake zagaye kwantena ina ƙoƙarin tunawa, ni da na yi ta yi miki wa'azi. In talatin ne, na minti ashirin ɗin ya riga ya tafi tun takardarki tana hanya. In arba'in da biyar ne, yana nan har goma sha huɗu ga wata. Abin da ake buƙata kawai wayata ta shaƙi sabis sau ɗaya.

Na je wurin Babban Injiniya. Ya tausaya, amma ya ce jibi za a fara zuba kankare, mutum ɗari biyu na jiran awona, babu wani safiyo sai wanda zai canje ni a Yuli. Ya ce ko na tafi yanzu, tafiyar kwana huɗu ce, an riga an gama aikin. Gaskiya ya faɗa. Ko kuma ni ne na ji daɗin samun hujja saboda tsoro, ban sani ba.

Don haka na ba Babu-Birki wayata. Zai sauka da ita gobe, kwana biyu ya kai garin da ke da sabis. Dole ta kasance a buɗe kafin ta karɓi saƙo, don haka na rubuta masa kalmar sirrina a bayan kwalin sigari. Kalmar da ko ke ban taɓa gaya wa ba. Ya karanta ta da ƙarfi a gaban leburori don ya tabbatar. Na ba shi lambarki, zai kira ki.

Wannan takardar ba za ta same ki ba sai komai ya wuce. Duk da haka ina rubutawa: ki riƙe masa hannu, ki ce ina nan ina addu'a. Allah ya tashi kafaɗarsa.

Yayanki

19 ga Mayu

Yaya,

Alhamdu lillahi, an yi aiki, Baba yana raye. Awa shida suka yi. Jiya aka sallamo mu. Yana cin abinci ta siririn tiyo tukuna, akwai bandeji a wuyansa da nake canzawa safe da yamma. Na ɗauki hutu a makaranta. Gidan ya yi shiru irin wanda ban taɓa ji ba, har ƙarar firiji tana damuna. Na saya masa littafin rubutu irin na 'yan ajina, na ɗaura biro da zare a jikin gado.

Direbanka ya kira ni ranar goma sha ɗaya, ina zaune a barandar asibiti. Ya ce, "Ke ce ƙanwar Safiyo? Wayar yayanki ta haukace, tun da na shigo gari take ƙara a aljihuna." Ya rantse bai buɗe komai ba, ya ce ya naɗe ta a safa ya sa ƙarƙashin kujera. Ban gane kan zancen ba a lokacin. Sai jiya da takardarka ta zo.

Na karanta ta a tsaye a kicin. Na zauna a ƙasa na yi kuka, na tashi na wanke kwanukan da na riga na wanke. Ka yafe mini maganar da na faɗa maka ta taurin zuciya. Amma ba zan ɓoye maka ba, na ji haushinka sabo fil. Ka kulle mana gida da ƙofar ƙarfe don kada ɓarawo ya shiga, ka tafi, ashe ka bar shara tana share mu daga ciki. Ni kuma da na ga abu yana ɓacewa ban tambayi kowa ba, saboda malam ya ce kada a taɓa. Da na kai wa mai gyaran wayar nan da ka raina, da minti ɗaya ya gaya mini. Yanzu wayar Baba fayau take, na ranar takwas ma ya tafi ina kallo, ina cewa ka ɗauka.

Ban gaya masa ba. Ba zan iya ba. Abu na farko da ya rubuta da ya farfaɗo, bayan "ruwa", shi ne "Ya amsa?" Kullum sai ya rubuta. Yanzu ma ya daina rubutawa, sai ya buɗe shafin ya ɗora yatsa a kai ya dube ni.

Ga shawarata, ka ɗauka ko ka bari. In na farkon yana cikin wayarka, shi ke nan, mun tsira. In babu, ka rubuto masa ka ce, "Baba na ji, na gode, Allah ya ƙara lafiya." Ya isa. Mutumin nan ya ba da muryarsa yana ganin ta isa inda ya aike ta. Kada ka ce masa ta zube a hanya. Ni malama ce, kullum ina hana yara ƙarya, amma wannan in zunubi ne na ɗauki rabi.

Ka rubuto da motar farko. Ba na iya zama, ba na iya tsayuwa.

Autarku

30 ga Mayu

Auta,

Na gode wa Allah da ya tashe shi, na gode miki da kike ɗauke da abin da ya kamata mu ɗauka mu biyu. Ina lafiya.

Wayar ta dawo tun ranar ashirin, a cikin safa. Na bar motar ta koma ban rubuto ba saboda na rasa abin faɗa. Saƙo ashirin da takwas ne cikin arba'in. Sun fara daga goma sha ɗaya ga Afrilu. Kwana talatin ne ashe. Na farkon babu.

Na kwafe su wuri uku kafin in saurari ko ɗaya. Ba wata babbar magana a ciki. Yadda ake gane keken da zarensa ke tsinkewa. Wata mata da ta kawo keke da cokali a maƙale a ciki. Tantabarun da suka yi sheƙa a kan rumfar shago. Muryar tana sirancewa daga wannan zuwa wancan, na ƙarshen sai na manna wayar a kunne. Kusan kowanne da abu ɗaya yake rufewa: "To, ka dai ji na farko. Ina jira."

Shawararki ta zo jiya. Na gwada, na rubuta layin nan naki sau huɗu na yaga. Ban san ko tambaya ya yi mini ba, Auta. In ya tambaye ni wani abu na ce masa "na gode", ya fi shirun ciwo. Ki ba shi takardar da ke ƙasa, in ya ce ki karanta masa, kada ki tsallake komai.

Baba,

Ina gaishe ka, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi.

Baba, ban ji saƙonka na farko ba, da guda goma sha ɗaya da suka biyo shi. Ba su iso ni ba, kuma ba za su iso ba. Da kake ganin suna ɓacewa, ba ni nake ɗauka ba, gogewa suke yi, kuma ni na sa su gogewa da hannuna tun kafin in tafi. Ba laifin Auta ba ne, ba laifin wayar ba ne. Ka koya mini in gwada keke da ƙyalle kafin in miƙa wa mai shi. Na miƙa maka ban gwada ba.

Sauran ashirin da takwas suna wurina, na ji su duka, ina sake ji.

Ban san abin da ka faɗa a na farkon ba. Tun da na ƙi zama a shago na tafi karatun awo, ni da kai ba mu zauna mun yi magana ba, sai gaisuwa da "an ci abinci?" In faɗa ka yi mini, na cancanta, ka sake yi a rubuce zan karɓa. In tambaya ce, ka sake yi zan amsa. Na san abin da na ɓatar ba ya sayuwa. Ka yafe mini.

Ɗanka

10 ga Yuni

Yaya,

Muna lafiya, an cire tiyon, jiya ya sha shayi da kansa. Na karanta masa ban tsallake komai ba. Ya juya fuskarsa bango ya daɗe, har na tsorata. Sannan ya yi mini alama in sake karantawa. Da na gama ya karɓi littafinsa ya kore ni. Yini guda ya yi a kan abin da ke ƙasa, ya yaga shafi uku. Ban gyara masa ko harafi ba.

Auta

Safiyo,

Na ji takardarka.

Ashe wata biyu ina jin haushinka a banza. Na ɗauka ka ji ka yi shiru. Wannan ya fi yankan likita zafi. Yanzu da na san ba ka ji ba, na yi barci.

Keken da ba a gwada ba kowa ya taɓa miƙa shi. Ni ma na taɓa. Ka bar zancen.

Ka gaida direban nan. Mutumin kirki ne.

Na farkon ba faɗa ba ne. Kada ka ji tsoro. Amma ba zan rubuta shi ba, hannuna ba ya iya minti ashirin, kuma ba maganar takarda ba ce. Auta ta fara gane abin da nake faɗa in ta kalli leɓena. Sai dai dole mutum ya matso sosai, kuma ya dube ni a fuska.

Yuli ba nisa. Zan sake faɗa. Ka zo ka zauna kusa.

Babanka